Tsoron Wuƙa Ya Kusa Raba Ni da Haƙorana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, kunya ce take riƙe ni, domin maganar baki ce, kuma babu macen da take so a ji cewa bakinta ya taɓa wari. Abin da ya sa na daure yau shi ne na san akwai 'yan uwa da yawa da suke tofar da jini kowace safiya suna cewa ba komai, kamar yadda ni ma na yi ta faɗa sama da shekara 20.

A cikin birnin Kano aka haife ni, a gidan yawa. Tun ina sakandare idan na sha rake na tofar, sai in ga ja-ja a jiki. Idan na goge baki, kumfar makilin takan fito da jirwayen jini. Sau ɗaya na nuna wa Innarmu, ta ce zafi ne, in kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. Ita kanta a lokacin haƙoranta na ƙasa sun fara girgiɗa. Takan ce kowane ɗa da ta haifa ya tafi mata da haƙori ɗaya, mu 8 ne kuwa a wurinta. Mun tashi mun ɗauka haka rayuwar mace take: ki haihu, ki tsufa, ki yi giɓi.

Abin da ya dasa min tsoro ya faru ina da shekara 10 ko 11. Wani matauni na Inna ya hana ta barci kwana uku. Ta sa kanumfari, ta shafa man zafi a kunci, abin ya ƙi. Sai wata maƙwabciya ta kwatanta mata wani mai cire haƙori a bakin kasuwa, aka ce ni zan raka ta. Har yau ina ganin bencin, da kwanon silba mai jan ruwa a ciki, da filayar da ya warware daga cikin tsumma. Inna ba mai raki ba ce, an ce ko a naƙuda ba a jin muryarta, amma ranar ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Muka dawo gida ta toshe baki da gefen mayafi, fuskarta ta yi mako guda a kumbure. Tun daga ranar na ƙudurta a raina babu mai sa min ƙarfe a baki.

Aure ya kawo ni Amurka a 2009, muka zauna a Shikago. Na samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wanka, abinci, magani, raka su asibiti. A cikin autata a 2013 aka ce suga ya hau, dasashina kuma ya kumbura ya yi jawur, ko burodi na gatsa sai ya bar alama. Na ce na ciki ne, zai wuce. A 2017 aka tabbatar min da ciwon suga na dindindin. Likitata ta ba ni takarda biyu, ɗaya ta likitan ido, ɗaya ta likitan haƙori. Ta ido na je a makon. Ta haƙori na ninke ta na sa a cikin jaka, can ta yi ta zama har ta yage.

Ban taɓa jin ciwo ba, wannan shi ne abin da ya yaudare ni. Abin da na gani kawai shi ne haƙorana suna ƙara tsawo, nama yana maƙalewa a wuraren da da ba ya maƙalewa, har tsinken sakace ya zama ba na fita sai da shi. Sannan wata 'yar ƙofa ta buɗe a tsakanin haƙorana na gaba. A wurin wani suna wata ƙawata ta dube ni ta ce, "Ke, yaushe kika yi wushirya? Ta yi miki kyau wallahi." Na yi murmushi na ji daɗi. Ashe haƙoran ne suke gocewa daga mazauninsu saboda ƙashin da yake riƙe da su yana zaizayewa.

Annobar korona ce ta tona min abin da kowa ya ɓoye min. A 2020 muna wuni da takunkumi a fuska, awa 10, wani lokaci 12. Numfashina yana dawo min a hanci, sai na fara jin wani wari mai nauyi, kamar na naman da ya kwana a leda. Na canza takunkumi, na canza man goge baki, na riƙa tauna kanumfari, babu abin da ya sauya. Wata rana da daddare na kira babbar 'yata ɗaki na ce ta faɗa min gaskiya tsakaninta da Allah. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, an daɗe. Abba ya ce kada wanda ya gaya miki, ranki zai ɓaci." Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada su ji kukana. Na tuna duk sahun sallar da na tsaya, duk yaran Islamiyya da na sunkuya a kansu ina biya musu karatu ranar Lahadi, duk daren da maigidana ya juya fuska bango na ɗauka gajiya ce. Kawaicinsa na ƙauna ne, na sani, amma da ya daure ya faɗa min da ya fi min alheri.

Duk da haka sai da na ƙara shekara guda. Abin da ya tura ni a ƙarshe wata tsohuwa ce da nake kula da ita. Kowane dare ni nake cire mata haƙoran roba, in wanke, in sa a kofi da ruwa a gefen gadonta. Da zarar sun fita sai leɓɓanta su faɗa ciki, fuskarta ta koma rabi. A 2021 Innarmu ta rasu, Allah Ya jiƙanta, kuma hoton ƙarshe da aka turo min nata haka bakinta yake. Daren da na koma aiki bayan zaman makoki, ina riƙe da kofin nan sai na tura harshe na taɓa haƙorina na ƙasa, na ji ya motsa. Washegari na buga waya na karɓi rana.

Gwajin farko ba zan manta da shi ba. Wani siririn ƙarfe ne mai zane-zane kamar rula, ana zura shi a hankali tsakanin dasashi da haƙori, wuri 6 a kowane haƙori, ana kiran lamba wata tana rubutawa. Ina kwance ina jin "3, 4, 4," sai aka shiga ciki na fara jin "6, 7, 8, jini, 7, 9." Da aka gama likitan ya zaunar da ni ya nuna min hoton ƙashin bakina. Ya ce haƙori ba a dasashi yake tsaye ba, a cikin ƙashin muƙamuƙi yake kamar turke a ƙasa, wasu siraran zaruruwa ne suke ɗaure saiwarsa da ƙashin. Dattin da yake taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta, idan ba a cire shi ba sai ya daskare ya zama kamar siminti, burushi ba ya iya masa. Jiki yana yaƙi da ƙwayoyin, a cikin yaƙin nan zaruruwan da ƙashin suke narkewa, sai rami ya buɗe, su suna ce masa aljihu. Lafiyayyen dasashi zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Ya ce suga da wannan ciwo kuma 'yan gida ɗaya ne: suga yana hana dasashi warkewa, kumburin dasashi yana wahalar da saukar suga.

Na ce masa ni fa ina asuwaki, kusan kowace salla. Ya tambaye ni ina nake gogawa. Sai na lura duk shekarun nan fuskar haƙoran gaba kawai nake gogewa, inda ake gani. Bayansu da tsakaninsu da can ƙurya ban taɓa bi ta kansu ba. Ba laifin asuwaki ba ne, hannun da yake riƙe da shi ne.

Aka fara da wankin ƙasan dasashi, aka yi allurar kashe zafi aka kankare saiwoyin a zama biyu. Bayan mako 6 jinin ya ragu sosai, wasu ramukan sun tsuke, amma na matauna suna nan 6, 7, 8. Aka tura ni wurin ƙwararren likitan dasashi, wani dattijo mai magana a tsanake. Ya zana min a takarda: za a yanka dasashin a ɗaga shi kamar murfi, a ga saiwa ido da ido a wanke, a daidaita ƙashin, a mayar a ɗinke. Baki kashi huɗu ne, kowane kashi da ranarsa. Yana cewa "a yanka" na daina jin sauran. Bencin kasuwar nan kawai nake gani. Na karɓi takardar na yi godiya, na fita ban sake waiwayarsu ba har wata 8. Suna kira ina ƙin ɗauka.

A azumin 2022 abin ya kama ni. Matauni na sama a dama ya tara mugunya, kuncina ya kumbura har idona ya ƙanƙance, zazzaɓi ya rufe ni, suga ya yi sama. Sai da na ajiye azumi kwana biyar. Haƙorin nan bai tsira ba, cire shi aka yi. Da aka sa shi a faranti na ga saiwarsa baƙi ƙirin da daskararren datti, shi kuwa samansa fari tas, ko ɗigon ruɓewa babu. Lafiyayyen haƙori na rasa saboda abin da yake riƙe da shi ya ƙare.

Wata abokiyar aikina ce ta fara min maganar leza, wato aikin dasashi da ake yi da wani haske mai ƙarfi, ta ce an yi wa mijinta babu yanka babu ɗinki. Na nemi likitar da take yi na je. Sunan aikin LANAP, wasu likitocin haƙori biyu a Kalifoniya, Robert Gregg da Delwin McCarthy, su suka ƙirƙiro shi a shekarun 1990, da wata na'ura mai suna PerioLase. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi izini a 2004, a 2016 kuma ta amince a ce yana iya sa sabon ƙashi da zaruruwa su tsiro a jikin saiwar da ciwo ya ci. Likitar ta nuna min bakin na'urar, wani zaren gilashi ne siriri, kaurinsa kamar gashi uku a haɗe. Ta ce hasken da yake fitarwa abu mai duhun launi yake kamawa, shi ya sa yake cin ruɓaɓɓen naman da ya shimfiɗe cikin ramin da wasu ƙwayoyin cuta masu duhu, ya bar lafiyayyen naman da ke ƙarƙashi.

Zuciyata ta riga ta amince tun kafin ta gama, amma maigidana ya ce mu koma wurin dattijon nan mu ji ta bakinsa. Na koma da kunya. Bai yi min faɗa ba, kuma bai kushe leza ba. Ya ce in san abu uku. Binciken da ya nuna tsirowar sabon ƙashi a kan haƙora ƙalilan aka yi shi. Ƙungiyar likitocin dasashi ta Amurka, wadda ofishinta ma a nan Shikago yake, ta duba hujjojin a 2018 ta ce ƙarin amfanin da leza yake bayarwa a kan wankin da aka saba bai kai milimita 1 ba. Takwararta ta Turai kuma a ƙa'idojinta na 2020 ba ta ba da shawarar a ƙara leza a kan wankin saiwa ba. Fiɗa kuwa an yi shekaru da yawa ana yi, an san iyakarta. Sannan ya dube ni ya ce, aikin da zan yarda in zauna a yi min ya fi aikin da zan ci gaba da gudu, domin kowane wata da na ƙara ƙashi ne yake tafiya. Wannan gaskiyar tasa ta sa na ƙara ganin girmansa. Ina jin haushin tallace-tallacen da suke nuna leza kamar sihiri, domin mai tsoro irina abin da take son ji kenan, kuma ba haka abin yake ba.

Kuɗin ya kai dubban daloli, inshorarmu kaɗan ta ɗauka. Na yi istihara, na ɗauki adashina, maigida ya cika. Ya ce, "Hajiya, kuɗi ana nema a samu, haƙori idan ya fita ya fita." Likitar kuma ta kafa min sharaɗi, sai gwajin sugana na wata uku ya sauko. A lokacin ya haura 9. Na yi wata uku ina fama, na rage tuwo da shinkafa, na daina shayi mai suga, ina tafiya a ƙasa bayan la'asar, har ya sauko kusa da 7.

An yi aikin a zama biyu, ɓangaren dama a mako ɗaya, hagu a mako na gaba, kowanne fiye da awa biyu. Kada a ruɗe ku, akwai allura, da yawa ma, domin sai an kashe wurin gaba ɗaya. Aka sa min baƙin tabarau, ita ma da mai taimaka mata suka sa nasu. Na'urar tana wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali, ina jin ɗan ƙauri kamar an babbaka gashi, amma zafi babu. Ta bi kowane rami da zaren. Sannan ta ɗauko wata na'urar mai kaɗawa da feshin ruwa ta farfasa daskararren dattin da ke jikin saiwoyin, wannan ne ya fi daɗewa, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake. Sai ta sake bi da lezar karo na biyu, wannan karon don jinin da ke cikin ramin ya daskare ya toshe bakinsa, shi ne a madadin ɗinki. A ƙarshe ta sa min wata shuɗiyar takarda ta ce in cije, duk inda haƙori yake dukan ɗan uwansa da ƙarfi ta ɗan goge shi. Haƙoran ƙasa huɗu masu motsi ta haɗe su ta baya da siririyar waya. Duk tsawon lokacin ina ta salati a zuci, hannuna a dunƙule. Da ta ce an gama na buɗe tafina na ga shaidar farcena, sai Inna ta faɗo min a rai, hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau.

Kwana ukun farko ruwa-ruwa kawai aka yarda in sha. Ga mai suga wannan jarrabawa ce, don kunu da koko suna ɗaga shi, sai na koma romon kaza da aka tace, da kindirmo marar suga. Daga nan na shiga ƙwai, alale mai laushi, miyar kuɓewa da ɗan tuwo kaɗan. An hana ni sa burushi a wurin har kwana 10, sai kurkure baki a hankali da wani ruwan magani, kada daskararren jinin nan ya fita. Ciwon bai wuce abin da maganin ciwon kai yake kwantarwa ba, kwana biyu na koma aiki. Abin da ya ba ni wuya ya zo daga baya. Da kumburin ya saɓe dasashin ya ja baya, saiwoyi suka ɗan fito, ƙananan ƙofofi suka bayyana a tsakanin haƙora. Da hunturun Shikago ya shigo, idan na buɗe baki a tashar bas iska ta bugi saiwoyin nan, har ƙwaƙwalwata nake ji. Sai da na yi watanni ina rufe baki da gyale ina amfani da man goge baki na masu jin sanyi kafin ya lafa.

Ba a sake zura ƙarfen awon nan ba sai da shekara ta zagayo, an ce kada a fama abin da yake haɗewa. A tsakani duk wata uku ina zuwa wanki. Ranar awon na kwanta gabana yana faɗuwa. Na ji "3, 3, 4, 3," inda a da ake kiran 7 da 8. Babu mai cewa "jini." Hoton ya nuna wurare biyu da ƙashin ya ɗan ciko. Amma a matauni na ƙasa a hagu, inda saiwa ta rabu biyu, lambar tana nan 7.

Likitar lezar da kanta ta ce wannan wurin sai an buɗe an gani. Haka na koma wurin dattijon nan, aka yi min fiɗar da na yi shekara biyu ina gudu, a haƙori ɗaya. An yanka, an ɗaga, an wanke, an sa garin ƙashi, an ɗinke. Na kumbura kwana uku, ya fi na leza ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma babu abin da ya haɗa shi da bencin kasuwa. Da na san haka yake, da matauni na na sama yana bakina har yau.

Yanzu haƙorana 27. Warin ya tafi, 'yata ce mai shaida, na ɗora mata amanar ta faɗa min duk ranar da ta ji wani abu. Ciwon dai ba a rabuwa da shi, riƙe shi ake yi. Kowane dare ina bin tsakanin haƙora ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙaramin burushi mai kama da tsinke, ina kwana da robar da take hana ni cizon haƙora, duk wata uku ina kan kujerar wanki, kuma na lura duk lokacin da na yi sakaci da suga dasashin ne yake fara gaya min. Na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 ta ce kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, sama da mutum biliyan 1, suna da ciwon dasashi mai tsanani. Da na gani sai gidanmu ya faɗo min, don na san yadda bakin kowa yake a cikinsa.

Watan jiya muna waya da ƙanwata da ke Kano, tana goge wa ɗanta baki, sai ta ce min a cikin hira ita ma tana ganin jini, amma ai gadonmu ne. Na ce ta ajiye abin da take yi ta saurare ni. Na ba ta labarin nan tun daga rake har zuwa ɗinki, abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Ta ce, "Yaya, ni ina zan samu leza a nan?" Na ce ba leza take buƙata ba, awo take buƙata, ta je sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano ta ce a auna mata dasashi, a kuma duba mata suga. Ta je. Ta kira ni da takarda a hannu tana karanto min: yawanci 4 ne da 5, wuri ɗaya 6. An yi mata wankin ƙasan dasashi, an ce ta dawo bayan mako 6 a sake aunawa.

Ranar Talata mai zuwa ce, ƙarfe 9 na safe. A nan tsakar dare ne, na riga na saita ƙararrawar waya don in tashi in kira ta in ji ko ta fita.